Kundin aiki: gyaran direban ƙofa biyu na rautar hasumiyarmu

Asabar, 21 ga Yuni, 2025

Intanet ɗin garinmu daga Gumel yake zuwa, ta iska, kuma hanyarsa biyu. Akwai babbar rediyo a kan hasumiya da ke kallon Gumel kai tsaye, akwai kuma ƙarama da ke yada zango a kan tankin ruwan ƙauyen da ke yamma da mu kafin ta miƙa. Dukansu a kan 5 GHz suke aiki, kuma can Gumel suwic ɗaya suke shiga, wato akwatin da ke haɗa wayoyin intanet ya miƙa wa kowacce kayanta. A gindin hasumiya, cikin akwatin ƙarfe tare da batura da na'urar cajin sola, akwai ƙaramin allon kwamfuta mai Linux, kenel 6.1 (kenel shi ne zuciyar Linux). Shi ne rautarmu, na'urar da ke raba wa gari intanet. Ƙofa a nan ita ce inda ake jona wayar intanet a jikin allon. Ƙofarsa eth0 ta tafi babbar rediyo, eth1 ta tafi ƙarama. Mutanen gari ta wata ƙofa daban suke shigowa, ita ba ta cikin wannan magana.

Ƙofofin nan biyu an ɗaure su sun zama bond0 a tsarin active-backup, lamba 1 cikin tsari bakwai da direban ɗauri na Linux yake da su (direba a nan ba mutum ba ne, ɓangaren manhaja ne da ke tafiyar da ƙofofin). Ɗaya na aiki, ɗaya na zaman ko-ta-kwana. Idan ta farko ta mutu, ta biyu ta karɓa kafin mai waya a hannu ya lura. Haka ya kamata. Amma tun da damina ta faɗi, duk hadarin da ya taso da iska sai intanet ya ɗauke, ƙaramar rediyo kuwa tana nan lafiyarta lau.

Rabin dalilin a fili yake. Allon ya zo da miimon=100, wato kowane milisakan 100 ɗaurin yana tambayar ƙofa ko waya na jone. To wayar eth0 ba Gumel ta tafi ba, rediyon da ke saman hasumiya kawai ta hau. Iska na iya karkatar da faranti, mahaɗa ta yanke gaba ɗaya, waya kuma tana nan a jone, fitilarta na ci. Yau na kashe miimon na kunna sa ido ta ARP, wato cigiyar da na'ura ke yi don neman maƙwabciyarta: arp_interval=1000, arp_ip_target adireshin rautar Gumel, arp_validate=all. Ba a haɗa hanyoyin sa idon biyu, dole a zaɓi ɗaya. Yanzu kowane sakan ƙofar da ke aiki tana cigiyar rautar Gumel, in shiru ya yi yawa a yanke mata hukunci.

Alhamis, 26 ga Yuni

Ranar kasuwar Maigatari, ranar da masu POS na bakin titi suka fi buƙatarmu, saboda fataken dabbobi da ke wucewa. Bayan la'asar hadari ya haɗo daga gabas, babbar rediyo ta yanke.

Rajistar kenel ta nuna ɗaurin ya yi aikinsa: cikin 'yan sakanni ya sauke eth0, ya ɗora eth1. Fayil ɗin /proc/net/bonding/bond0 ma ya ce eth1 ce mai aiki, lafiyarta ƙalau. Amma ba abin da ke wucewa. Can sai komai ya dawo da kansa, ba wanda ya taɓa komai, babbar rediyo kuma har lokacin a mace.

Alhajin da ke da rumfar POS kusa da tasha ya tare ni da magriba. Ya ce, "Injiniya, abin naku agogo gare shi ne? Duk ranar da ya ɗauke, minti biyar yake yi. Har na saba, in ce wa mai cire kuɗi ya je ya yi alwala ya dawo." Na ce, "Alhaji, ka tabbata biyar?" Ya ce shi da yake kallon agogon na'ura mutane na tsaye a kansa, ai ba zai ɓata ba.

Na koma na gwada lokacin da ɗaurin ya sauya ƙofa da lokacin da ping ɗin Gumel, ɗan saƙon gwajin hanya, ya fara dawowa. Maganar Alhaji ce, da ragin 'yan sakanni.

Lahadi, 29 ga Yuni

Na kafa gwaji a ɗaki da allo na biyu da muke ajiye wa tsautsayi. Dabarar ita ce a kashe hanya ba tare da waya ta fita daga ƙofar allon ba, tunda haka rediyo ke yi. Sai na sa ƙaramin suwic a gaban kowace ƙofa, daga nan wayoyi biyu suka tafi suwic na uku da ke wakiltar Gumel, kwamfutata kuma ta tsaya a matsayin rauta. In na zare wayar da ke tsakanin suwic da suwic, eth0 na ganin komai daidai, hanya kuwa ta mutu.

Matsalar ta fito a zarewar farko, kuma ba ta taɓa ƙin fitowa ba.

Abin da na gani ya ɗaure kai da farko. Manhajar tcpdump, mai nuna kowane fakiti (ƙunshin bayani) da ke wucewa, a kan eth1 tana nuna fakitin ping na fita. Wannan tcpdump dai bai tsaya nan ba. Yana nuna cigiyar ARP na fita, amsarta na dawowa, shi ya sa ɗaurin ke rantsuwa eth1 lafiya take. A kwamfutar da ke wakiltar Gumel kuwa, cigiyar ARP ce kaɗai ke isowa, ping ko ɗaya babu. In na yi ping daga can zuwa allon, tambaya na shiga, tcpdump na nuna amsa ta fita, amsar ba ta isa.

Abin lura shi ne inda tcpdump yake tsayawa. Kenel yana ba shi kwafin fakiti ne kafin ya miƙa wa direba ta ndo_start_xmit. Don haka shaidarsa ita ce an bai wa direban eth1 fakiti, ba wai fakitin ya bi wayar eth1 ba. Wanda ya san gaskiyar waya shi ne ƙidayar da ke cikin ƙarfen kansa. Na bar ping na gudu da sauri na riƙa duba ethtool -S a ƙofofin biyu. Ƙidayar fita ta ƙofa ta 2, wato eth1, ba ta motsi sai ɗai-ɗai, na ARP. Ta ƙofa ta 1, wadda hanyarta ta mutu, ita ce ke hawa daidai da yawan ping ɗina.

Ke nan ɗaurin na cewa a bi eth1, direba na karɓa da sunan eth1, kaya kuma na fita ta ƙofar da aka ce a bari.

Alhamis, 3 ga Yuli

Direban ba ya cikin kenel na asali, na kamfanin da ya ƙera allon ne, amma tunda lasisin GPL ne sun bayar da rubutunsa. Na zauna da shi da takardar bayanin guntun ƙarfen.

Ƙofofin nan biyu ba katunan intanet biyu daban-daban ba ne. Guntu ɗaya ne mai ɗan suwic a cikinsa, ƙofa uku: ta 0 tana kallon kwamfutar, ta 1 da ta 2 suna kallon waje. Direba ne ke yi musu ado su fito wa Linux kamar katuna biyu masu zaman kansu. An hana ta 1 da ta 2 miƙa wa juna kaya, wannan daidai ne. Amma jadawali ɗaya na adireshin MAC, lambar da ake gane kowace na'ura da ita a kan waya, suke tarayya a kai, kuma suwic ɗin yana haddace wane adireshi ya ji daga wace ƙofa, kamar kowane suwic.

Kowane fakitin da zai fita, direba yana rubuta masa 'yar takardar rakiya: ga inda yake a ƙwaƙwalwa, ga tsawonsa, ga gurbin da ake rubuta ƙofar fita. In an rubuta 1 ko 2, ƙarfe ya bi umarni. In an bar sifili, ƙarfe ya duba jadawalinsa ya zaɓa da kansa. A aikin aikawa na direban akwai sharaɗi guda: in adireshin da za a kai wa na shela ne, wato na kowa da kowa, ko na rukuni, a rubuta lambar ƙofa, in na mutum ɗaya ne a bar sifili. Cigiyar ARP shela ce, shi ya sa take bin hanyar da ɗaurin ya zaɓa. Duk sauran kaya, da ping da cinikin POS da komai, adireshin rautar Gumel suke ɗauke da shi, shi kuma an haddace shi a ƙofa ta 1.

Kamar a tasha ne: mai rubuta fasinja ya ce a shiga mota ta biyu, ɗan kamasho kuma ya ci gaba da cusa mutane cikin wadda aka ciro wa taya, don ita ya sani tun safe.

Saura tambaya ɗaya. Suwic na kirki in ya ji adireshi ya ɓullo daga wata ƙofa, nan take yake gyara jadawali. Amsoshin ARP na Gumel suna shigowa ta ƙofa ta 2 kowane sakan, me ya hana a mayar da adireshin can? Amsar na cikin aikin da ke tayar da guntun: direba yana kunna wani ɗigon saiti da ke hana adireshin da aka haddace ƙaura daga ƙofa zuwa ƙofa. Sai dai ya tsufa a share shi. Wa'adin tsufan kuwa sakan 300 ne, adadin da ƙa'idar IEEE 802.1D ta ba da shawara, wanda gadar Linux, suwic ɗinta na cikin manhaja, ma da shi take zuwa. Minti biyar ɗin Alhaji ke nan.

Ban ga laifin wanda ya rubuta direban sosai ba. Ya ɗauka ƙofa ɗaya za ta kalli waje, ɗaya ta kalli cikin gida, adireshi ɗaya ba zai taɓa bayyana a duka biyun ba. Ɗauri kuwa gaba ɗayansa a kan akasin haka aka gina shi.

Wannan ya warware wani tsohon ƙorafi kuma. Akwai ranakun da intanet ke jan ƙafa tun safe alhali babbar rediyo ba ta da komai. In batura suka ƙare da dare, komai ya tashi da fitowar rana, duk rediyon da ta riga haɗuwa ita ke kawo muryar Gumel ta farko, a ƙofarta ake haddace adireshin, kuma shelar da rautar ke yi jefi-jefi tana sabunta shi. Ranar da ƙarama ta yi sammako, ta zangon tankin ruwa kayan gari ke fita yini guda, bond0 na ta cewa eth0 ce ke aiki.

Asabar, 5 ga Yuli

Gyara uku ne a gabana, na auna su.

Na farko, a kashe ɗigon hana ƙaura. Na gwada don in ga abin da zai faru, kuma abin da na zata ne ya faru. Sauyin ƙofa ya yi sauri, amma lokacin da hanyoyin biyu ke raye abin ya lalace. Duk shelar da ta fito daga Gumel ta rediyo biyun take zuwa, sai adireshin ya riƙa tsalle tsakanin ƙofa ta 1 da ta 2, wadda ta ji ƙarshe ita ke da shi. Kaya na fita nan da can, suwic ɗin Gumel shi ma yana ganin adireshinmu yana yawo tsakanin ƙofofinsa biyu. An sauya ciwon minti biyar da zazzaɓin kullum.

Na biyu shi ne shawarar abokin aikina na Gumel: a rubuta ɗan umarni da zai riƙa share jadawalin duk sakan goma, ko duk sanda ɗaurin ya sauya ƙofa. Zai rage zafi, kuma da a ce ba mu da rubutun direban da shi zan yi. Amma bayan sharewa, wa ya ce ƙofar da ta dace ce za ta fara ji? Cacar sammakon nan ce dai aka mayar ta kowane lokaci.

Na uku shi na ɗauka: a raba ƙarfe da zaɓi kwata-kwata. In Linux na ganin katuna biyu, to fakitin da aka bai wa eth1 ta ƙofa ta 2 zai fita, ko na shela ne ko na wane ne. Na cire sharaɗin, kowace takardar rakiya yanzu tana ɗauke da lambar ƙofar da aka adana a bayanan katin. Na kuma kashe haddar adireshi a ƙofofin waje muddin direba na tsarin katuna biyu, tunda ba mai duba jadawalin don fita kuma. Facin, wato gyaran rubutun direban, bai kai layi ashirin ba.

Alhamis, 10 ga Yuli

A teburin gwaji, da sabon direba, zare waya na jawo ɓatan ping na sakan biyu zuwa uku, gwargwadon inda zarewar ta faɗa a zagayen cigiya. Ƙidayar ethtool -S ta bi abin da bond0 ke faɗa a kowane juyi. Na gwada tayar da allon da wayar eth1 kaɗai, sannan na jona ta eth0 daga baya, kaya suka koma inda ɗaurin ya ce.

Ban hau da shi hasumiya ba tukuna. Ana tsakiyar noma, wanda ke riƙe mini igiya yana gona har yamma, kuma ina son allon gwaji ya kwana yana aiki tukun.

Lahadi, 13 ga Yuli

Ƙanina da ke karatun kwamfuta a Dutse ya zo hutun ƙarshen mako, ya leƙa abin da nake yi. Ya ce, "Yaya, tunda ka gyara, me ya sa rediyo ɗaya za ta zauna tana cin batir a banza? Ka sa 802.3ad mana, a haɗa ƙarfinsu."

Tambaya ce mai kyau, kuma kowa sai ya yi ta, don haka bari in rubuta amsar a nan. Tsarin 802.3ad, lamba 4, wanda ƙa'idarsa ta fito a 2000 aka mayar da ita 802.1AX a 2008, yana dogara da saƙonnin LACP tsakanin ɓangarori biyu. Ana aika su zuwa adireshi 01:80:C2:00:00:02, wanda ke cikin rukunin da aka hana gada ta tsallakar da shi. Rediyoyinmu kuwa gadoji ne, ta tankin ruwa ma gada bayan gada. Ko an lallaɓa saƙonnin sun wuce, tsarin yana haɗa ƙofofi ne bisa gudun da suka faɗa, su kuma gudun waya suke faɗa, ba na iska ba. Zai ɗauka hanyoyin kai ɗaya suke, alhali ƙarama ba ta kai rabin babba ba. Sa ido ta ARP ma ba ya aiki a wannan tsari.

Sannan rabon kaya. Ba fakiti-fakiti ake rabawa ba, lissafi ake yi da adireshi, kowace hira ta bi ƙofa ɗaya. Da xmit_hash_policy na asali, layer2, adireshin MAC kawai ake dubawa, mu kuma da rauta ɗaya tak muke magana, duk kayan sai su taru a ƙofa guda. Da layer3+4 za a rarraba, amma rabin mutanen gari su faɗa hanya mai jan ƙafa ba tare da sun san dalili ba.

Ya ce to balance-rr fa, wanda ke jefa fakiti nan ɗaya can ɗaya? Wannan a kan wayoyi biyu masu tsawo ɗaya ma yana hargitsa jerin fakiti, balle hanya mai zango ɗaya da mai zango biyu. TCP, tsarin da ke tabbatar da kaya sun isa a jere, in ya ga na baya ya riga na gaba sai ya ɗauka an yi ɓata, ya sake aikawa, ya rage gudu. Direban ɗaurin nan asalinsa daga aikin Donald Becker ne na tarin kwamfutocin Beowulf, inda injuna ke jere a ɗaki ɗaya da gajerun wayoyi. Can rabon kaya na da ma'ana. Mu abin da muke nema kada a yanke.

Bai gamsu duka ba. Ya ce zai gwada a makaranta.

Asabar, 19 ga Yuli

Wata ta ɓullo. Ina gwada abin da zai faru in mutum ya kashe eth0 da hannu, kamar ranar da za a sauke babbar rediyo don gyara. Na ba da ip link set eth0 down. Ɗaurin ya koma eth1, sai allon ya kurmance: yana aikawa, ba ya jin amsa, har ɗaurin ya sauke eth1 ɗin ma don ba ta samun amsar cigiya.

Na kunna tcpdump a eth1 in ga me ke faruwa, sai komai ya dawo daidai. Na kashe shi, ya sake mutuwa. Wanda bai san hali ba sai ya ce aljanu ne. Dalilin shi ne tcpdump yana sa kati ya karɓi kowane fakiti, nasa da ba nasa ba. In matsala ta ɓace da kunna shi, to matatar adireshi ce ba ta da lafiya. Da tcpdump -p, wanda ba ya buɗe matatar, kurmancin ya tsaya a gabana: shela na shigowa, duk abin da aka aiko da adireshinmu ba ya isowa.

Tushen ɗaya ne da na farko. Idan aka ɗaure ƙofofi a wannan tsari, fail_over_mac na kan asalinsa, dukansu adireshin MAC ɗaya suke ɗauka, na bond0. Direba in an buɗe kati yana rubuta layi a jadawali cewa wannan adireshi na kwamfuta ne, a miƙa ƙofa ta 0. In an rufe kati ya goge layin. Katuna biyu, adireshi ɗaya, layi ɗaya. eth0 ta tafi da layin da eth1 ke rayuwa a kansa.

Alhamis, 24 ga Yuli

Faci na biyu ya fi na farko aiki. Kowane layin da direba ya rubuta da kansa yanzu yana da alamar ƙofofin da ke riƙe da shi. Buɗe kati na ƙara alamarsa, rufewa na cire ta, ba a goge layi sai mai riƙe na ƙarshe ya saki. Sauya adireshi ma haka: a kama sabo kafin a saki tsoho.

Da na bi sawun duk inda ake taɓa jadawalin, sai ga adireshin rukuni da ciwo iri ɗaya. Aikin ndo_set_rx_mode na direban yana share duk layukan rukuni ne ya sake rubuta na katin da aka kira shi a kansa, na ɗayan katin ko oho. IPv6 ba ya shela, da rukuni yake neman maƙwabta, adireshin da ke farawa da 33:33, don haka wannan zai cije mu ranar da muka kunna shi. Na mayar da shi kan __dev_mc_sync, mai kawo abin da aka ƙara da abin da aka cire kawai, kowanne ya bi ta alamar masu riƙewa.

Sai batun kulle. Na harhaɗa kenel ɗin gwaji da CONFIG_DEBUG_ATOMIC_SLEEP, sauyin ƙofa na farko ya cika allo da kuka: an kira aiki mai iya barci a inda ba a barci. Kenel yana kiran ndo_set_rx_mode yana riƙe da kullen jerin adireshi, wanda ba a barci da shi, direban kuma yana kare jadawalinsa da mutex, kullen da ke iya sa mai jira barci. Ya daɗe a haka, bai fashe ba ne don da wuya biyu su nemi jadawalin lokaci ɗaya. Ɗauri kuwa yana kwashe adireshin rukuni daga tsohuwar ƙofa zuwa sabuwa a daidai lokacin sauyi, lokacin da komai ke motsi. Rubutu a jadawalin 'yan rajistoci ne da jira na ƙiftawar ido, don haka na mayar da kullen spinlock, wanda ba a barci da shi, maimakon in tura aikin layin jira.

Na kuma bai wa bond0 adireshinsa na kansa mai farawa da 02, irin wanda mai gida ke ƙirƙira, kafin a ɗaura masa ƙofofi. In ba haka ba na ƙofar farko yake ara, ranar da aka cire ta daga ɗaurin ta koma da adireshinta, sai a sami biyu masu suna ɗaya. Kenel kansa yana gargaɗi a kan haka.

Lahadi, 27 ga Yuli

An ɗora a hasumiya bayan sallar asuba, kafin gari ya tashi. Tsohon direba na nan a gefe da sunansa daban, in sabon ya ƙi tashi umarni ɗaya ne a koma. Mun ɗaure farantin babbar rediyo da ƙarin ƙarfe tunda an hau. Na kashe bakin rediyon daga shafinta na barta a jone, aka koma ƙarama cikin sakan uku, Baba mai gadi yana sauraron karatu a wayarsa bai ɗago ba.

Asabar, 2 ga Agusta

Daren jiya aka yi ruwa da iska mai ƙarfi, gwaji na gaske na farko. Minti biyar ta tafi. Amma rajista ta nuna wani hali da ban so ba: babbar rediyo ba mutuwa ta yi ta huta ba, tana haɗuwa tana yankewa, ɗaurin kuma na binta. Da ta farfaɗo ya koma mata, tunda ita ce primary, wato wadda aka fifita, kuma primary_reselect na kan always, ta sake faɗuwa ya dawo. Kowane juyi sakan biyu-uku ne na shiru, in sun jeru sun isa su kashe ciniki a na'urar POS.

Wannan ba na direba ba ne, na saiti ne. Da miimon muke, da updelay ya isa, a ce sai ƙofa ta daɗe a raye kafin a yarda da ita, amma updelay ba ya aiki da sa ido ta ARP. Na mayar da primary_reselect zuwa failure: in an koma ƙarama a zauna nan har sai ita ma ta faɗi. Kuɗinsa shi ne gari na iya wayewa a kan hanya mai jan ƙafa alhali babba ta warke.

Na kuma ɗaga num_grat_arp daga 1 zuwa 3. Wannan ita ce sanarwar da ɗaurin ke yi bayan sauyi don suwic ɗin Gumel ya san mun koma ɗaya hanyar. Guda ɗaya tak a cikin ruwan sama tana iya ɓacewa a iska.

Asabar, 9 ga Agusta

Na raba aikin faci uku: ƙofar fita, masu riƙe layi, kulle. Kowanne da bayanin yadda za a tayar da matsalar da suwic uku da waya biyar, na wuce da su ta scripts/checkpatch.pl, na aika wa masu allon. Amsar da ta zo ta na'ura ce mai cewa an karɓa. Har su saka shi a nasu, duk sabunta kenel sai an sake ɗora facin da hannu, don haka na rubuta hakan da alƙalami a jikin murfin akwatin, na kuma hana allon sabunta kenel da kansa.

Komawa babbar rediyo yanzu ɗan umarni ne ke yi: yana tambayar rediyon ƙarfin siginarta, in ta yi minti goma a tsaye ya rubuta eth0 a active_slave. Yana aiki, amma ya dogara da shafin rediyon, in an sauya samfuri sai an sake shi.

Abin da ke kan tebur yanzu VLAN ne, wato ware hanya mai lambarta a cikin waya ɗaya. Shugaban makarantar sakandare ya nemi a ware wa ɗakin kwamfutarsu hanya daban kafin a dawo daga hutu, abokin aikina na Gumel kuma yana son ta zo da lambarta tun daga can. Ɗaurin yana sanar da duka ƙofofinsa kowace lambar VLAN da aka ɗora masa, ke nan ndo_vlan_rx_add_vid za a kira sau biyu da lamba ɗaya, a kan jadawali ɗaya. Na duba aikin gogewar a direban, layin gaba ɗaya yake sharewa ba ya tambayar ko ɗaya ƙofar na ciki. Na ɗora bond0.20 a allon gwaji, gobe zan cire eth0 daga ɗaurin in ga ko eth1 za ta ci gaba da jin lamba 20.